Yadda za ka kwance rikicin gadon sarautar da Ingila ta riƙa kai wa sojoji, ba sai ka yi hadda ba

Wannan na ƙannenmu ne masu karanta tarihi a nan Jos, da ma duk wanda sha'awa ce kawai ta kama shi yana son ya gane me ya riƙa kai sojojin Ingila ƙasashen mutane daga wajen 1290 zuwa 1390, yau Sikotland gobe Faransa jibi Sifen da Fotugal, kuma kullum da sunan wai sun je taya wani karɓar gadon gidansu. Abun da ke sa ɗalibai su tsani wannan ɓangaren ba komai bane illa sunaye, Edward har uku a jere, John kuwa ba a magana, Henry ta ko'ina, sai ka ga yaro ya kwana a aji cikin sanyin Naraguta yana haddar shekarun yaƙi, gari ya waye ya shiga jarabawa duk sun cakuɗe masa. Toh ba haka ake yi ba. Tambayoyi ne 'yan kaɗan, in ka bi su a jere duk rikicin da aka jefo maka za ka kwance shi, shekarun kuma da kansu za su nemi waje su zauna.

Ka samu kwali babba irin na shagunan littattafai a Terminus, ko bayan tsohuwar kalanda ma ya yi, da biro kala biyu ja da baƙi, sai taswirar Turai ko a waya ce. Amma zanen dan Allah da hannu za ka yi shi.

Farko nemo wanda ya mutu, sai dai kar ka fara zanen daga kansa, haura sama za ka yi har ka kai kakan da duk masu neman sarautar suka haɗu a kansa. Mu da muka san Basasar Kano ta 1893 wannan ba baƙon abu bane a wajenmu, in ka tsaya kan Tukur da Yusuf kawai ba za ka gane komai ba sai ka koma kan Ibrahim Dabo da 'ya'yansa Abdullahi da Bello sannan ka ga inda gizo ke saƙar. Haka na Sikotland yake. Sarki Alexander na 3 ya faɗo daga kan doki cikin dare a 1286 ya mutu, 'ya'yansa duk sun riga shi, saura jikanya ɗaya tal Margaret da ke ƙasar Norway, ita ma a 1290 ana kan hanyar kawo ta ta rasu a tsibiran Orkney tana da shekara 7. Gida ya ƙare kenan. Mutum 13 suka fito kowa ya ce shi ne. Kar yawan nan ya tsorata ka, da yawansu ta tsatson 'ya'yan gaba da Fatiha suka biyo, ba su yi nisa ba. Kai dai rubuta David na Huntingdon a sama, ƙanin tsohon sarki William, a ƙasansa ka jera 'ya'yansa mata uku. John Balliol ta babbar ya fito amma shi tattaɓa kunne ne. Robert Bruce tsoho, kakan wancan Bruce ɗin da ya yi suna daga baya, ta ta biyun ya fito amma shi jika ne. John Hastings ta ƙaramar, shi kam da ya ga babu dama sai ya ce a raba ƙasar gida uku kowa ya ɗauki nasa. Duk inda jini ya bi ta mace ka ja layin da jan biro, ta namiji da baƙi, ɗan da ba na aure ba kuma ka yi masa layi tsinke-tsinke. In ka gama ka ja baya ka kalli kwalin, za ka ga tambayar gaba ɗaya ta koma guda: babban ɗaki ne ke da sarauta ko wanda ya fi kusa da jini?

Manyan Sikotland da suka ga yaƙin cikin gida na ƙoƙarin ɓarkewa sai suka kira maƙwabci Edward na 1 sarkin Ingila ya yi musu alƙalanci. A nan ka buɗe wani ɗan gurbi a gefen kwalin ka rubuta "me mai sulhu ya karɓa kafin ya yanke hukunci", don shi Edward da aka taru a Norham a 1291 cewa ya yi sai an fara amincewa shi ne uban ɗakin ƙasar tukunna, kuma a damƙa masa gidajen yaƙi na sarauta ya riƙe. Masu nema kowa yana tsoron kar ya ɓata wa alƙali, duk suka amince. Aka kafa kwamitin mutum 104, Balliol ya kawo 40, Bruce ya kawo 40, Edward 24, a watan Nuwamba 1292 a Berwick aka ba Balliol. Gaskiya a ganina hukuncin ba laifi, bisa ka'idar babban ɗaki shi ya cancanta. Matsalar abun da ya biyo baya ne, Edward ya mai da shi kamar hakimi, ana ɗaukaka ƙarar kotunan Sikotland zuwa Ingila, a 1294 aka ce ya kawo sojoji a je yaƙi da Faransa, manyan ƙasar suka ce ina, suka ƙulla ƙawance da Faransa a 1295, shekara na zagayowa Edward ya auka wa Berwick ya yi ɓarna, ya tuɓe Balliol, ya ɗauke dutsen da ake naɗa sarakunansu a kai ya kai Westminster, dutsen da ba a mayar da shi Sikotland ba sai 1996.

Na biyu, a gefen kowane mai nema rubuta ka'idar da ya dogara da ita, sannan ka duba ko Ingila tana tsayawa kan ka'ida ɗaya. Wannan gwajin yana da daɗi wallahi. A 1328 Charles na 4 na Faransa ya mutu ba ɗa namiji. Edward na 3 na Ingila ɗan 'yar'uwarsa Isabella ne, jan layi kenan. Philip na Valois kuma ɗan baffansa ne, baƙin layi. Manyan Faransa suka ce mace ba ta gadon sarauta ba ta kuma miƙa wa ɗanta, suka naɗa Philip na 6. Edward ma ya je Amiens a 1329 ya yi masa mubaya'a a kan ƙasar Gascony da yake riƙe da ita a kudu maso yammacin Faransa, bai ta da maganar gado da gaske ba sai da Philip ya ce ya ƙwace Gascony ɗin a 1337, sannan a 1340 a garin Ghent ya fito ya ce shi ne sarkin Faransa. Yanzu ka juya kwalin ka zana Brittany, wani yanki ne a arewa maso yammacin Faransa mai sarautar Duke, kar ka haɗa shi da Birtaniya. Duke John na 3 ya mutu a 1341 ba ɗa. Masu nema biyu, ƙaninsa ɗan uba John na Montfort, baƙin layi, da 'yar ƙaninsa Joan ta Penthièvre, jan layi, wadda mijinta Charles na Blois ɗan 'yar'uwar sarkin Faransa ne. Toh wa kake ganin Edward ya mara wa baya, shi da yake ihu a duniya cewa ana gado ta wajen mace? Montfort ya bi. Shi kuma Philip da ya hau gado da hujjar mace ba ta gado, ya tsaya kai da fata bayan Joan. Kowa ya ɗauki hujjar abokin gabarsa ya rataya ba kunya ba tsoron Allah. In ka iya kawo wannan misalin a takardar jarabawa ka gama da malami, don ka nuna ka gane fakewa da guzuma ake yi a harbi karsana.

Ita karsanar a taswira za ka same ta, aiki na uku kenan. Ɗora yatsa a kan Bordeaux, babban birnin Gascony, daga nan jiragen ruwa ke kwasar giyar inabi zuwa Ingila kuma harajinta babban kuɗin shiga ne ga sarki. Ka bi teku da yatsan zuwa Ingila, dole ka kewaye hancin Brittany, duk wanda ke riƙe da wannan gaɓar in ya so ya tare maka hanya. Shi ya sa Ingilishi suka maƙale wa tashar Brest, ba su miƙa ta ba sai 1397, kuma Brittany ƙofa ce ta sauke sojoji cikin Faransa. Koma ƙasa da Gascony, ƙetare duwatsun Pyrenees akwai Kastil, masarauta mafi girma a Sifen ta lokacin, tana da jiragen yaƙi na ruwa masu ƙarfi, in ta bi Faransa Ingila ta shiga uku a teku. Sikotland kuwa ƙofar baya ce, duk ranar da sarkin Ingila ya ƙetara Faransa ana iya shigo masa ta arewa. A ƙasan kowane zane ka rubuta layi ɗaya kacal, me Ingila za ta rasa in ɗaya ɓangaren ya ci.

Na huɗu nemo takarda. Ba a taɓa tura soja kyauta ba, kullum akwai abun da mai neman sarauta ya sa hannu a kai lokacin da yake cikin ƙunci, kuma yawanci alƙawarin da ba zai iya cikawa ba ne in har yana son mutanensa su bar shi a kan gado. Duba Edward Balliol ɗan wancan John. Sarki Robert Bruce, jikan wancan tsohon da ya karɓe sarautar Sikotland daga baya, ya mutu a 1329 ya bar David na 2 yaro ɗan shekara 5, kuma akwai yarjejeniyar zaman lafiya ta 1328 tsakanin ƙasashen biyu, don haka Edward na 3 ya ce shi ba ruwansa, kar wanda ya tsallaka iyaka ta ƙasa, amma ya kawar da kai Balliol da wasu manya da aka ƙwace wa filaye a Sikotland suka shiga jirgi daga tashoshin Yorkshire suka bi ta ruwa. Suka ci yaƙin Dupplin Moor a Agusta 1332, aka naɗa Balliol a Scone a Satumba, kafin Disamba ta ƙare an fatattake shi daga Annan cikin dare ya tsallaka Ingila da gudu. Sai Edward ya fito fili, ya ci yaƙin Halidon Hill a 1333, ya mayar da shi. Ladan aiki? A 1334 Balliol ya yi mubaya'a kuma ya yanka wa Ingila kudancin ƙasar har da Edinburgh. Daga ranar ya zama ɗan amshin shata a idon mutanensa, bai ƙara zama da gindinsa ba, a 1356 ya miƙa wa Edward haƙƙinsa na sarautar aka yanka masa fansho. David na 2 kuwa da Ingilishi suka kama a yaƙin Neville's Cross a 1346, sakinsa aka yi a 1357 a kan fansar mark 100,000 ya koma gadonsa.

Yaƙin kansa kar ka ɓata masa lokaci da yawa, ko da yake shi ne ɗalibai suka fi so. Kusan salo ɗaya ne, a zaɓi tudu ko wajen da rafi da daji suka matse, barade su sauka daga dawakai su tsaya a tsakiya da sulke, maharba masu dogon baka a gefe da gefe, wani lokaci a haƙa ramuka a gaba, sai a jira abokan gaba su taho su cunkushe. A Dupplin Moor da yawa matsi ne ya kashe su ba kibiya ba. Shekara, wuri, wa ya ci, wa aka kama, ya wadatar. Wanda aka kama ɗin ma ya fi muhimmanci don shi ne kuɗi. Sojojin nan da kwangila a rubuce ake ɗaukarsu, barde mai muƙami sule 2 a rana, maharbi mai doki kwabo 6, amma arzikin gaske yana wajen ganima da kuɗin fansa, kyaftin yana da kashi ɗaya cikin uku na abun da yaransa suka samu, sarki ma yana da nasa kaso. Charles na Blois da aka kama a La Roche-Derrien a 1347 ya yi wajen shekara 9 a hannun Ingilishi. Kuma tun da sarki ba ya aiko da albashi yadda ya kamata, kyaftin-kyaftin ɗin da ke Brittany sai suka ɗora wa ƙauyuka kuɗin kariya, ku biya ko a ƙone ku, wanda hakan ya sa har mutanen Montfort ɗin suka tsane su. An kashe Charles a Auray ranar 29 ga Satumba 1364, yarjejeniyar Guérande ta 1365 ta ba ɗan Montfort sarauta, yaron da ya tashi a Ingila har ya auri 'yar Edward, amma a 1373 manyan ƙasarsa suka juya masa baya saboda ya cika jingina da Ingilishi ya gudu, da ya dawo kuma a 1379 shiryawa ya yi da Faransa a 1381.

Wannan ya kawo mu inda nake so ka fi daɗewa. Bayan kowane yaƙi ka ƙirga shekara biyar gaba ka tambayi wa ya biya kuɗin. Kastil ita ce babban darasi. Alfonso na 11 ya mutu da annoba a 1350 yana kewaye da Gibraltar. Ya bar Pedro ɗan matar aure, da tarin 'ya'ya daga dadironsa Leonor de Guzmán, babbansu Henry na Trastámara, layi tsinke-tsinke kenan. A 1351 aka kashe Leonor, 'yan ubanci ya koma gaba ta jini. Pedro ɗin nan fa shi ne wanda Ibn Khaldun ya je wa Seville a matsayin jakadan Sarkin Granada Muhammad na 5, har ya yi masa tayin ya zauna a mayar masa da dukiyar kakanninsa shi kuma ya ƙi, wannan ɗan ratse ne amma yana taimakawa ka san zamani ɗaya ake magana. A 1366 Henry ya shigo da sojojin haya da Faransa ta tallafa ƙarƙashin Bertrand du Guesclin, cikinsu har da Ingilishi irin su Hugh Calveley waɗanda zaman lafiyar Brétigny ta 1360 ya bari ba aiki, aka naɗa shi a Burgos, Pedro ya gudu Gascony wajen babban ɗan Edward na 3 da ake wa laƙabi da Baƙin Yarima. A Libourne a watan Satumba 1366 aka rubuta takarda, Pedro zai biya duk kuɗin yaƙi, zai ba Yarima ƙasar Biscay, ya bar 'ya'yansa mata a matsayin jingina. Yarima ya kira su Calveley suka sauya sheƙa, ya ƙetara duwatsu ta Roncesvalles a Fabrairu cikin sanyi, ranar 3 ga Afrilu 1367 a Nájera ya tarwatsa rundunar Henry, aka kama du Guesclin, shi Henry ya tsere.

In a nan ka rufe littafi za ka rubuta "Ingila ta yi nasara" kuma ka faɗi. Ci gaba. Tun a filin daga aka fara saɓani, Pedro yana so a ba shi fursunoni ya yanka su don maciya amana ne a wajensa, su kuma Ingilishi kowane fursuna jakar kuɗi ce. Aka yi lissafi bashin ya haura florin na zinare miliyan 2 da rabi, Pedro ba shi da shi, mutanen Biscay kuma suka ƙi karɓar baƙo. Runduna ta zauna wajen Valladolid cikin zafi tana jiran kuɗi, atuni ya shiga cikinsu, Yarima kansa ya koma da ciwon da bai rabu da shi ba har mutuwarsa a 1376. Ya koma Gascony sojoji na bin sa bashi, sai ya ɗora harajin murhu a 1368, kowane gida ya biya. Manyan ƙasar, na Armagnac da na Albret, suka kai ƙara wajen Charles na 5 na Faransa, shi kuwa dama abun da yake jira kenan, a 1369 yaƙi ya dawo sabo. A wannan shekarar a watan Maris Henry ya ritsa Pedro a Montiel ya kashe shi da hannunsa. Yanzu koma layin da ka rubuta a ƙasan taswira, jiragen ruwan Kastil. A 1372 su ne suka ragargaza jiragen Ingila a La Rochelle suka kama kwamandansu Earl na Pembroke, daga baya tare da na Faransa suka ƙone Rye a 1377 da Gravesend a 1380. Kafin 1375 abun da ya rage wa Ingila a Faransa bai fi Calais da siririyar gaɓar Bordeaux da Bayonne da 'yan wasu garuruwa ba. Ka ja kibiya ɗaya doguwa a kwalinka daga Nájera zuwa harajin murhu zuwa 1369 zuwa La Rochelle, wannan kibiyar ita kaɗai amsar tambaya ce mai maki 20.

Sai ka tambayi wa mutanen ƙasar suke so, don a nan ne bambancin yake fitowa. Fotugal sau biyu Ingila ta je kusa da kusa. A 1381 Edmund na Langley, ɗaya daga 'ya'yan Edward na 3, ya kai runduna, ba albashi ba dawakai, sojoji suka yi bore suka shiga wawashe ƙauyukan waɗanda suka zo taimaka wa, Sarki Fernando ya yi sulhu da Kastil a bayan idonsu a 1382 aka kwaso su gida a jiragen abokan gaba, abun kunya. Fernando ya mutu a 1383, 'yarsa tilo ta matar aure Beatrice tana auren sarkin Kastil Juan na 1, ma'ana ƙasar za ta narke cikin Kastil. Mutanen Lisbon da 'yan kasuwa suka ƙi, suka bi João shugaban baraden Avis, ɗan uban Fernando wanda shi ma ba ɗan aure bane. A taron Coimbra na Afrilu 1385 wani masanin shari'a João das Regras ya bi masu nema ɗaya bayan ɗaya yana nuna kowa akwai tabo a auren iyayensa, don haka gado babu mai shi, taro na da ikon zaɓe, aka zaɓi João. Ranar 14 ga Agusta 1385 a Aljubarrota shi da kwamandansa Nuno Álvares Pereira suka karya rundunar Kastil da ta fi su yawa nesa ba kusa ba, da 'yan ɗaruruwan Ingilishi a cikinsu, ramuka da maharba irin salon da na faɗa. Ka lura wannan karon Ingila kaɗan ta zuba, yaƙin na 'yan ƙasa ne, kuma a watan Mayu 1386 aka sa hannu a yarjejeniyar Windsor wadda har yau ƙasashen biyu suke kafa hujja da ita. Akwai kuma rigar addini a kai, tun 1378 Fafaroma biyu ake da su, Ingila da João suna bin na Roma, Faransa da Kastil na Avignon, kowa yana kiran yaƙinsa na Allah.

Kar ka naɗe kwalin ba ka zana aure ba. 'Ya'yan Pedro da aka bari jingina, John na Gaunt ƙanin Baƙin Yarima ya auri ɗaya daga cikinsu Constance a 1371 ya fara kiran kansa sarkin Kastil. A 1386 ya tashi daga Plymouth ya sauka Galicia ya kama Santiago, a 1387 shi da João suka shiga ƙasar León, Juan ya ƙi fitowa a gwabza, yunwa da cuta suka cinye rundunar. Amma mutumin ɗan kasuwa ne. Ya aurar da 'yarsa Philippa ga João a Porto a Fabrairu 1387, sannan a Bayonne a 1388 ya sayar da da'awarsa, franc 600,000 a dunƙule da 40,000 duk shekara, 'yarsa Catherine kuma ta auri magajin Kastil, jikan wanda ya kashe kakanta. Yaƙi bai ci ba amma jikokinsa sun hau gado a ƙasashe biyu. Ɗaya daga 'ya'yan Philippa shi ne Yarima Henry da ya riƙa tura jiragen Fotugal gaɓar Afirka ta Yamma, ka ga inda zaren ya fara zuwa wajenmu.

Duk abun da za ka karanta kuma ka duba waye ya rubuta shi da wa yake ci da shi. Sunan "Mugu" da ya bi Pedro, yawancin labarin daga alƙalamin Pedro López de Ayala ya fito, mutumin da ya bar shi ya koma wajen Henry har aka kama shi a Nájera a ɓangaren Henry ɗin, wasu kuma daga baya "Mai Adalci" suke ce masa. Fernão Lopes da ya rubuta tarihin Fotugal na wannan zamanin ma'aikacin gidan Avis ne, wato zuriyar João. Marubucin tarihi Froissart ya yi aiki a fadar matar Edward na 3, yana da daɗin labari amma in ya ba ka yawan sojoji ka riƙe shi da hannu biyu-biyu.

In kana son ka gwada ko hannunka ya faɗa, ɗauki sabon kwali ka bar Turai ka zo Legas. Akitoye ya hau gadon sarautar Legas a 1841, ɗan ɗan'uwansa Kosoko ya kore shi a 1845, ya ƙare a Badagry yana neman taimako, ƙaramin jakadan Birtaniya John Beecroft ya shiga maganar, harin farko a Nuwamba 1851 bai yi nasara ba, a ƙarshen Disamba jiragen yaƙi suka yi wa garin ruwan wuta Kosoko ya gudu Epe, ranar 1 ga Janairu 1852 Akitoye ya sa hannu a takardar hana cinikin bayi. Zana salsalar daga Ologun Kutere, uban Akitoye kuma kakan Kosoko, nemo abun da ke cikin takardar bayan maganar bayi, duba taswira ka ga me ke wucewa ta wannan tashar, wannan karon kuma maimakon shekara biyar ka ƙirga goma, ka ga me Dosunmu ɗan Akitoye ya sa wa hannu a watan Agusta 1861.